Sayar da tsohuwar mota a Madawa da kewaye: gaskiya da jita-jita

Daga tashar Madawa zuwa garejin Buza da Keita, zance ɗaya ke yawo: wai tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk mai tsohuwar mota ya tsinci dami a kala. Rabin zancen gaskiya ne. Motocin hannu da a da ke sauka Kwatano sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin hanya ya ƙaru, farashi ya bi bayansa. Sai dai tsadar ta fi shafar motar da ke aiki a ƙasar Adar: Hilux da ire-irenta masu tsayi, waɗanda ke haye korama da damina. 'Yar motar ƙawa mai rufin tamfol, wadda ake naɗe rufinta a sha iska, ba ta cikin lissafin. Cikinta na gugar duwatsu, rana na fasa rufin, ƙurar hunturu na shiga ta kowace kafa. Mai irinta ya gyara ɗinkin rufin, ya tabbatar ba ya yoyo, ya nufi Yamai. Masu cewa a tsallaka da ita Kano kuwa su tuna Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017.

Wai sabon fenti na ɗaga kuɗi? Sau da yawa kayar da shi yake yi. Dillali na ganin ƙyalli kan motar da ta shekara 15, abin da zai fara tambaya shi ne inda ta bugu. Wanki mai kyau ciki da waje, juyen mai, birki da fitilu masu lafiya sun isa.

Mayar da agogon kilomita baya, ko zuba mai mai kauri don injin ya yi shiru, wai ba a ganewa. Ana ganewa. Makanike zai dubi sitiyari da kujerar direba da robar birki, ya ce a tada ta da sanyin safiya, hayaƙi ya ba da shaida. Kuma a fiƙihun Malikiyya, wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya.

Abin da ba jita-jita ba ne shi ne maganar takardu. Takardar mallaka da lambarta ta yi daidai da ta jikin mota, shaidar biyan duwan, asiransi mai rai: su ke yanke ciniki. Sannan kada amana ta sa ka miƙa makulli da baki kawai, ko da ɗan'uwanka ne. Muddin sunanka na kan takarda, ranar da motar ta yi haɗari a hanyar Ƙonni, kai jandarma za su fara nema. A rubuta takardar sayarwa da shaidu, hukuma ta buga hatimi, a yanke la'adar dillali tun kafin a fara taya.