Karatun Gaba da Digirin Farko a Injiniyancin Gine-gine da Muhalli

Injiniyancin gine-gine shi ne ilimin tsarawa da gina abubuwan da jama'a ke amfani da su tare, kamar hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa da magudanai, shi kuwa injiniyancin muhalli reshe ne da ya tsiro daga jikinsa domin kula da tsabtar ruwan sha da sarrafa dagwalo da shara da kare iska da ƙasa daga gurɓata. Jami'o'i da dama sun haɗa su a tsangaya guda saboda ruwa ne ke ɗaure su, domin ruwan da ke cin gindin gada shi ne kuma ke kwasar ƙazantar gari ya kai ta rijiyoyin mutane. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, akwai sashe na musamman na albarkatun ruwa da injiniyancin muhalli, baya ga sashen gine-gine.

Digirin farko a Nijeriya kan ɗauki shekara 5, kuma abin da yake koya wa ɗalibi shi ne aiki da ƙa'idojin da magabata suka riga suka tabbatar. Digiri na biyu, wanda kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, da na uku da ake kira digirin digirgir, wanda ba ya kasa shekara 3, wata tarbiyya ce dabam: ana so ɗalibi ya san inda ƙa'idar ta samo asali, da inda take daina aiki, sannan ya rubuta kundin bincike, wato littafin da ke ɗauke da tambayarsa da gwaje-gwajensa da sakamakonsu, ya kuma kare shi a gaban malamai, har da mai jarrabawa daga wata jami'ar. Wanda ya shigo da niyyar haddace darasi kawai yakan sha mamaki, domin a wannan mataki malami ba ya riƙe da amsar da ake nema.

Inda ƙa'ida ke daina aiki shi ne gonar mai bincike, kuma ƙasar da ake gini a kanta ta fi komai nuna haka. Ilimin halayyar ƙasa a ƙarƙashin nauyi ya tsayu ne da littafin da Karl Terzaghi ya wallafa a 1925, amma baƙar ƙasar laka da ke shimfiɗe a sassan arewa maso gabashin Nijeriya tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, har ta fasa kwalta ta tsaga bango, shi ya sa ɗalibai da yawa ke gwada cakuɗa ta da siminti ko farar ƙasa ko tokar buntun shinkafa don a ga abin da zai ɗaure ta da araha. Haka lamarin yake a ilimin ruwa. Idan injiniya ya ce ya tsara madatsa domin ambaliyar shekara ɗari, ba yana nufin sai bayan ƙarni za ta zo ba, nufinsa shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku, kuma wannan lissafi ba ya inganta sai da bayanan ruwan sama da na kwararar kogi na shekaru masu yawa, waɗanda a wurare da dama ko dai sun yanke ko ba a taɓa tattara su ba. Ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta nutsar da yankuna masu yawa na Maiduguri shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ta isa hujja cewa waɗannan tambayoyi ba na cikin aji ba ne kaɗai. Madatsun Tiga da Challawa ma, da aka kammala a 1974 da 1992, sun shayar da Kano da gonakinta, amma sun rage ruwan da ke malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ambaliyar shekara-shekara.

Ta fuskar muhalli kuwa, dagwalon majemun fata na Sharaɗa da Challawa a Kano, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi, da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, batutuwa ne da ke buƙatar wanda ya iya ɗibar samfuri, ya auna shi a ɗakin gwaji, ya kuma tsara maganin da aljihun ƙaramar hukuma zai iya ɗauka.

Ga mai son yin irin wannan bincike, zaɓen malamin da zai duba aiki ya fi zaɓen sunan jami'a nauyi, domin shi ne zai karanta babi bayan babi, kuma jinkirinsa kan mayar da karatun shekara 2 ya zama na 4. Bayansa sai ɗakin gwaji mai na'urorin da ke aiki da wutar da za ta tayar da su. Kuɗi ma abin dubawa ne tun kafin a cike takarda: asusun TETFund na tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati, asusun PTDF na ba da guraben karatu a gida da waje, jami'o'in Amurka kuwa sukan ɗauke wa ɗalibin bincike kuɗin makaranta su ba shi alawus idan yana taya koyarwa ko bincike, yayin da digiri na biyu a Ingila yawanci shekara guda ne. Babban digiri dai ba ya maye gurbin rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don sa ido kan aikin injiniya a Nijeriya, wadda sai da izininta mutum ke amsa sunan injiniya a hukumance ya buga hatiminsa a kan zanen gini.