Yadda “dutse” ya zama “ido” a Rashanci

Al'ummomin Slav, wato Rashawa da mutanen Ukraine, Poland, Czech, Sabiya, Bulgeriya da danginsu, ba su fara rubutu da harshensu ba sai a ƙarni na 9. Saboda haka masana ke bin sawun kalmomi domin gano tarihinsu na can baya, kuma sunayen sassan jiki na cikin hujjojinsu mafi ƙarfi, don ba kasafai ake aro su daga maƙwabta ba.

Kalmar hanci, “nos”, kusan ɗaya ce a duk waɗannan harsuna, kuma 'yar'uwar “nasus” ce ta Latin. Haka “oko”, wato ido, tushenta ɗaya da “oculus”. Wannan na nuna cewa harsunan Slav da Latin kakansu ɗaya.

Wasu kalmomin kuwa suna bayyana yadda mutanen dā suke kallon jikinsu. “Ruka”, hannu, tana da dangantaka da wata kalmar harshen Lituweniya mai ma'anar tattarawa, wato hannu shi ne mai tara abu. “Noga”, ƙafa, ta fito daga tushen da ke nufin farce ko kofato. Sunan zuciya, “serdtse” a Rashanci, tushensa ɗaya da kalmar tsakiya, wadda daga gare ta aka samu “sreda”, sunan Laraba, ranar tsakiyar mako.

Sai dai ko irin waɗannan kalmomi sukan sauya. Rashawa sun ajiye “oko” a maganar yau da kullum, suka ɗauki “glaz”, wadda asalinta ke nufin dunƙulallen dutse. Har gobe a harshen Poland “głaz” ƙaton dutse ne. Amma tsohuwar kalmar ba ta ɓace ba: tana nan cikin “okno”, taga, da “ochki”, tabarau. Haka “zhivot” a Rashanci ciki ne, alhali a harsunan Czech da Sabiya rayuwa take nufi.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a wasu wuraren ba. “Ruka” ta haɗa daga kafaɗa zuwa yatsu kamar “hannu”, “yazyk” kuma, kamar “harshe”, tana nufin na baki da kuma yaren da ake magana da shi. Wannan kamanni bai sa Hausa ta zama dangin harsunan Slav ba. Tunanin ɗan Adam ne ya zo ɗaya a wurare biyu masu nisa.