BABI NA UKU: RUMBUN AJIYAR BAYANAI NA IYALI DA TANADIN KWAFI A YAMMACIN ZAMFARA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yaɗuwar wayar hannu a ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum. A wannan babi kuwa za a dubi yadda iyali za su haɗa na'urorinsu a kan rumbun ajiya guda, da kuma yadda za su tanadi kwafi don gudun asara. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, tara bayanai wuri ɗaya daban, kare su daga salwanta kuma daban.

3.1 Abubuwan da Ake Ajiyewa

A da, magidanci kan adana takardunsa a cikin adaka ko gafaka. A yau yawancinsu sun koma cikin waya a matsayin hotuna. Daga ciki akwai takardun gona da na rabon gado, da sakamakon jarrabawar WAEC da NECO, da lambar BVN wadda aka ɓullo da ita a 2014, da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN wadda aka wajabta haɗa ta da layin waya tun Disambar 2020. Haka nan akwai takardun asibiti, musamman ga iyalan yaran da aka yi wa maganin gubar dalma, wadda ta ɓulla a 2010 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Hoton takarda ba ya maye gurbin ta asali, amma yana sauƙaƙa neman wata idan ta asalin ta ɓace.

3.2 Yadda Ake Kafa Rumbun

Kayan aikin guda uku ne. Na farko shi ne rawuta, wato na'urar da ke haɗa wayoyi da kwamfutocin gida ta hanyar Wi-Fi. Na biyu shi ne faifan ajiya, wanda ake jona shi a kafar USB ta rawutar, idan tana da ita, ko kuma a jikin tsohuwar kwamfuta. Na uku kuwa shi ne wutar lantarki. Da yake wuta ba ta da tabbas a yankin, ƙaramin faranti mai amfani da hasken rana tare da batir ya wadatar, domin rawuta ba ta cin wuta sosai.

Bayan an jona faifan, sai a kunna tsarin rabawa da ake kira SMB, wanda kwamfutoci masu Windows da manhajojin wayoyin Android da dama ke ganewa. Daga nan sai a buɗe jaka ɗaya ta kowa da kowa, sannan kowane baligi a ba shi tasa jakar mai kalmar sirri, saboda a gidan gandu ba kowace takarda ce ta kamata kowa ya gani ba. Faifai mai terabayit 1 zai ɗauki hotuna kimanin 250,000 idan kowane hoto megabayit 4 ne. Abin lura a nan shi ne, wannan haɗin ba ya bukatar intanet ko sayen data, matuƙar na'urorin suna cikin gidan.

3.3 Bambancin Rumbu da Kwafi

Manomin da ya zuba hatsinsa duka a rumbu ɗaya ya tara, amma bai tsira daga gobara ba. Haka abin yake ga faifai. Idan aka kwashe hotuna daga waya zuwa faifai sannan aka goge na wayar, to kwafi ɗaya ne ya saura. Shi kuma faifai yana lalacewa saboda faɗuwa, ko ƙurar hunturu, ko zafin bazara, ko ɗaukewar wuta yana cikin aiki. Ko da faifai biyu ne masu kwaikwayon juna nan take, abin da yaro ya goge a ɗaya zai goge a ɗayan.

Saboda haka masana suka yi ittifaƙi a kan ƙa'idar 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata. Ma'anarta ita ce, a mallaki kwafi 3, a kan nau'in ma'aji 2, sannan 1 daga ciki ya kasance a wani wuri daban.

3.4 Dacewar Ƙa'idar da Yankin

Abubuwa uku da suka faru sun isa hujja. A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma wuraren da ke wajen Gusau ba su sami layi ba sai ƙarshen Nuwamba. A wannan tsakani, wanda ya dogara ga ma'ajiyar intanet kaɗai, irin su Google Drive, bai iya kaiwa ga takardunsa ba sai ya yi tafiya. A Janairun 2022 kuwa 'yan bindiga suka kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, aka ƙona gidaje. Sannan a Agustan 2024 ambaliya ta rusa gidaje da dama a Gummi. A waɗannan biyun na ƙarshe, kwafin da ke cikin gida ya bi gidan.

Ke nan babu ɗayan hanyoyin biyu da ta isa ita kaɗai. Abin da ya dace shi ne, kwafi na farko ya zauna a waya, na biyu a faifan gida, na uku kuma a ma'ajiyar intanet, inda Google ke ba da gigabayit 15 kyauta, ko a fulas da aka kulle da kalmar sirri aka kai wa ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato. Wajibi ne kuma a ɗora wa mutum ɗaya alhakin sabunta kwafin a rana sananniya, misali kowace Juma'a, ya kuma riƙa buɗe shi don tabbatar da yana aiki. Kalmar sirrin ma kada ta tsaya ga mutum ɗaya, domin idan ya rasu an rasa komai.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa rumbun gida yana sauƙaƙa rabawa ba tare da intanet ba, amma kwafin da ke nesa ne ke ceton iyali ranar da masifa ta auku. Hausawa na cewa don gobe ake wanke tukunya. A babi na gaba za a dubi kuɗin da wannan tsari ke ci.