Rijiya Ɗaya, Igiya Daban-daban

Duk wanda ya taɓa jan ruwa da bazara ya san rijiya ba ta ƙafe wa kowa a rana ɗaya. Ruwa ne ke ja da baya sannu a hankali. Mai doguwar igiya ya ci gaba da cika tulunsa, mai gajera kuwa gugansa ya dawo a bushe, alhali a bakin rijiya ɗaya suke tsaye. Haka Babbar Kasuwar Yamai ta kasance bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Kwana huɗu da juyin, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, aka datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, inda galibin kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano ke shigowa. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Kafin Oktoba ta ƙare gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40.

Manyan 'yan kasuwa sun sha wuya, amma igiyarsu ta kai. Suka karkata zuwa Lome, manyan motoci suka riƙa ratsa Burkina Faso a ayari, da rakiyar soja, ta Kaya da Dori zuwa Tera. Hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya hau, aka ɗora shi a kan buhun shinkafa da jarkar mai. Wanda ma ke da kaya jibge a sito, tsadar ta zame masa gobarar Titi.

Masu gajerar igiya su ne suka ji a jikinsu. Ɗan dako ba ya cin abinci sai an sauke kaya. Dillali ba shi da la'ada sai an yi ciniki. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara suna zaune suna jiran wuta. Mai tuwon bakin kasuwa ta rage tukunya, don masu cin nata su ne waɗannan ɗin. Ga bankuna sun taƙaita cire kuɗi, har mai albashi ya koma sayen mudu maimakon buhu, mai shago kuma ya daina ba da bashi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, irin wannan rashin aiki ba ya shiga lissafi. A Turai in tattalin arziki ya karye ana ƙirga takardun sallama. A nan wa zai ba yaron shago takarda? Maigida zai ce masa, "Ka ɗan je gida ka huta, in abubuwa sun daidaita zan neme ka." Aikin da aka ga tsayawarsa ƙiri-ƙiri shi ne irin na madatsar Kandaji, da wani kamfanin Sin ya dakatar a Agustan 2023.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, a watan Mayu kuma ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututu, alƙaluman ci gaban ƙasa suka sake hawa. Sai dai bututu ba ya ɗaukar ɗan dako aiki, kuma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe. Hukumomin da ke son sanin ko kasuwa ta farfaɗo su shigo Babbar Kasuwa su tambayi masu turin baro sawu nawa suke yi a wuni.