Awa biyar muna hawan Dutsen Mbe, ba mu ga gorila ba

Mu takwas ne, ɗaliban nazarin halittu, muka ɗaura takalma bayan sallar asuba a wani ƙauye da ke gindin Duwatsun Mbe, a ƙaramar hukumar Boki ta Jihar Kuros Riba. Burinmu ɗaya ne: mu ga goggon birin nan da ake kira gorila ido da ido.

Kafin mu taka ko'ina, jagoranmu ya tsayar da mu. Ya ce wannan daji ba na gwamnati ba ne. Mallakar ƙauyuka tara ne da ke kewaye da shi, kuma su suka haɗa kai suka hana farauta da saran itace a cikinsa, tare da tallafin ƙungiyar kare namun daji ta WCS. Saboda haka baƙo ba ya shiga sai da izini da ɗan rakiya. Ba a ihu, ba a yar da leda, ba a kauce wa hanya.

Tsayin dutsen ya kai kusan mita 900, abin da muka raina tun muna ƙasa. Awa ɗaya da fara hawa, bakin kowa ya mutu. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, ga santsi, ga gangare. Wani wurin sai ka kama saiwar bishiya ka ja jikinka sama. Mu da muka saba da busasshiyar iskar Arewa, sai muka ji damshin kurmi ya toshe mana numfashi, riguna suka jiƙe sharkaf.

Ana cikin haka ƙafar ɗaya daga cikinmu ta riƙe, ya zauna ya ce shi kam ya haƙura. Jagora ya ce ba a barin kowa a baya: ko mu hau tare, ko mu sauka tare. Muka raba kayan jakarsa, muka ba shi ruwan gishiri da sukari, muka jira har ya miƙe.

Can gaba jagora ya durƙusa ya zaro wata waya daga cikin ganyaye. Tarko ne da aka ɗana wa ƙananan dabbobi, amma yana iya datse hannun ɗan gorila. Kwance irin waɗannan tarkuna na cikin aikin masu gadin dajin, waɗanda 'ya'yan ƙauyukan ne.

Bayan awa biyar ya nuna mana tarin rassa da aka lanƙwasa kamar faifai. Sheƙa ce. Kowace yamma gorila kan shirya sabon makwanci, kuma da ƙirga waɗannan sheƙuna ake sanin inda suke da kimanin yawansu. Ganyen bai gama bushewa ba, alamar ba su daɗe da barin wurin ba. Muka yi tsit muna kasa kunne. Shiru.

Gaskiya mun ji haushi. Sai da muka huta muka yi lissafi: wannan nau'i, da ake samu a kan iyakar Najeriya da Kamaru kaɗai, bai fi 300 ba a duk duniya. Farauta ce ta koya musu gudun mutum, kuma gudun nan na cikin abin da ya bar su da rai. Ko hotunansu ɗauke da jarirai da suka karaɗe duniya a 2020, kyamarar da aka ɗaure a jikin bishiya a Mbe ce ta ɗauka.

Ƙannenmu 'yan sakandare, idan makarantarku ta shirya hawan dutse, ku fara motsa jiki tun da makonni, ku nemi takalmi mai kama ƙasa, ku riƙe isasshen ruwa, ku bi maganar jagora. Mu dai mun sauko da ciwon cinya na kwana uku da hoton sheƙa guda, kuma mun fara tara kuɗin komawa.