Ko Kun Sani? Akwatin Taba Ma Sai An Shayar Da Shi

Tabar nan mai kauri ta ƙasar Kyuba, wadda ake naɗewa da ganyen taba zalla ba takarda, ba ta jure bushewa. Shi ya sa ake adana ta a wani akwati na musamman mai suna humido, inda danshin iska yake tsayawa wajen kashi 70 cikin 100, zafi kuma wajen digiri 21.

Sabon akwati kuwa da ƙishirwa yake zuwa. Idan aka zuba masa taba nan take, katakon zai tsotse danshinta, ganyen waje ya tsage. Don haka sai a ajiye ƙaramin kwano na ruwan da aka tace ta hanyar tururi a ciki, a rufe na kwanaki, har katakon ya ƙoshi. Ba a sa ruwan famfo, saboda gishirin da ke cikinsa yana toshe na'urar da ke ba akwatin danshi.

Katakon da ake shimfiɗawa a ciki ana kiransa sidar Sifaniya, amma asalinsa nahiyar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Danginsu ɗaya da maɗaci da dogonyaro.

Ma'aunin danshi ma ana gwada shi: a jiƙa gishiri a murfin kwalba, a rufe shi tare da ma'aunin cikin leda na kusan awa 8. Idan ya nuna 75, daidai yake.