"Ina gajiya?": Motsa jiki da rayuwar masu cutar MS

Idan Bahaushe ya ce maka "Ina gajiya?", amsar da al'ada ta tanadar maka ita ce "Ba gajiya", ko da kuwa a gona ka yini. Ban san nauyin wannan gaisuwa ba sai lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, ranar da na koya wa wata abokiyar karatuna ita. Ta yi murmushi ta ce ita kam ba za ta iya wannan amsa ba, domin da gajiya take farkawa, da ita take kwana. A ranar na fara jin sunan cutar da likitoci ke kira maltiful siklerosis, a taƙaice MS.

Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar dai ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki. Saƙo daga ƙwaƙwalwa sai ya riƙa jinkiri ko ya yanke a hanya. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya fayyace ta a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, akasari mata, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Alamominta na yau da kullum sun haɗa da matsananciyar gajiya, da dishi-dishin gani, da tangaɗi, da ƙagewar tsoka, da wahalar riƙe fitsari.

Shekaru masu yawa shawarar likitoci ga mai wannan ciwo ita ce ya kwanta ya huta, wato da muguwar rawa gara ƙin tashi. Suna da hujjarsu. A 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu majinyata kan dushe bayan sun motsa jiki. Daga baya aka gano ɗumamar jiki ce ke jawo haka, domin jijiyar da ta rasa rigarta ba ta jure zafi, kuma da zarar jiki ya huce alamar kan gushe. Amma tsoro ya riga ya zauna, kwanciya kuwa tana da nata sharri: tsoka ta saki, numfashi ya gajarta, ɗaukar buta ya zama aiki, gajiyar da ake gudu ta ninka.

Cikin waɗanda suka bijire wa wannan shawara akwai Jimmie Heuga, ɗan wasan zamiyar ƙanƙara na Amurka da ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta 1964. An tabbatar masa da cutar a 1970, aka ce ya zauna. Da ya ga zaman na cinye shi sai ya koma motsa jiki, har ya kafa cibiya a 1984 don taimakon irinsa. A 1996 binciken Jami'ar Utah ya nuna cewa atisayen mako 15, sau uku a mako, ya ƙara wa majinyata ƙarfi, ya rage musu gajiya da ƙuncin zuciya. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje 45, ya sami raguwar gajiya ba tare da alamar cewa motsin na ƙara tayar da ciwon ba. A 2020 ƙungiyar masu cutar ta Amurka ta ba da shawarar minti 150 na motsi a mako, a kai gare shi sannu a hankali, kuma shara da tattaki da aikin lambu duk suna cikin lissafi.

Mai karatu zai ce ina ruwanmu da ciwon da ya fi yawa a ƙasashen sanyi. Gaskiya ne alƙaluman Afirka ƙanana ne, amma ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa da na'urar hoto ta MRI na da hannu a wannan ƙanƙanta. Ciwon da ke zuwa ya lafa ya dawo, kuma ba mu da suna gare shi a harshenmu, abu ne mai sauƙi a kira shi iska, ko sammu, ko lalaci. Sannan a Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu kan haura digiri 40, don haka mai wannan ciwo a nan dole ya yi dabara: tattaki da sanyin safiya, shan ruwan sanyi, jiƙa tawul a ɗora a wuya, raba minti talatin gida uku. Wanda ba ya iya tsayuwa yana iya motsa hannu da ƙafa daga kujera. Motsi bai maye gurbin magani ba, kuma sabuwar alamar da ta wuce awa 24 ta likita ce.

Abokiyar karatuna da ƙafa take zuwa ofis kullum, tafiyar minti goma da takan ci mata ashirin. Sau biyu na tsayar da mota don in rage mata hanya, ta ƙi shiga, na ji haushi. Sai daga baya na fahimci cewa tausayina ne ke neman ƙwace mata abin da ke riƙe da ƙafafunta. Mu mutane ne masu son jinya, da mun ga mara lafiya ya miƙe sai mu ce "kwanta ki huta". Ga mai MS, motsi ya fi laɓewa. Idan muka tambaye ta "Ina gajiya?", mu tsaya mu saurari amsar gaskiya, sannan mu raka ta tattaki gwargwadon ƙarfinta.